Jawabin mushen lakwal ga taron ƙungiya: wace regil za mu saya wa samarin atiliye?

Ƴan'uwa da ke Yamai, Maradi da Damagaram, ina gaishe ku da gudunmawarku.

Kun san da kuɗin ƙungiya aka sayo zarton kuran mai faifai, don samarinmu su riƙa yi ma lakwal tabul-ban da armuwar. Saura abu guda: abin da zai bi da zarton a miƙe. Wasu sun ce a sayo regil ta aliminiyom mai matsi a jikinta, irin wadda ake kawowa daga waje. Biro ta ce in duba maganar, ga abin da na gani.

Katakon da za a yanka shi ne kwantirplake. Fallaye ne na itace sirara da aka manna bisa juna, kowane yana gicciye da na ƙarƙashinsa. Faranti guda yakan kai santimetir 244 a tsawo, 122 a faɗi. Hannu kaɗai ba ya kai zarto wannan nisa ba tare da ya kauce ba. Idan ya kauce da milimetir 3 ko 4, ƙofar armuwar ba ta rufuwa, kuma yankin da aka ɓata ba ya komawa. Kuɗinku ne ke ciki.

Regil mai matsi tana da daɗin aiki, gaskiya ce. Ana ɗora ta, a danna hannunta, ta kama katako gefe da gefe. Amma ku lura da tsawonta. Akwai ta santimetir 60, ta 90, da ta 127. Ta 127 ce kaɗai ke ƙetare faɗin faranti, tsawon 244 kuwa sai an haɗa biyu. Wurin haɗin nan shi ne rauninta: da an ɗan tura zarto a jikinta, tsakiya ta lanƙwashe. Ga shi kuma haƙoran matsin galibi na roba ne. Ranar da suka karye, wa zai gyara mana su a ƙauye?

Shawarata ita ce a sayi regil ɗin magina ta metir 3, da sarjuwan biyu na ƙarfe. Ana samun su a kantin kayan gini na garuruwanmu. Wanda za a aika ya gwada ta kafin ya biya: ya ja layi da ita, ya juya ta, ya sake ja bisa layin farko. In layukan biyu sun rabu a tsakiya, ya maida ma mai kanti abinsa.

Akwai wani lissafi da ke rikita yara. Faifan zarto ba ya bin bakin regil, gindin zarton ne ke bi. Dole a auna tazarar da ke tsakanin faifai da gefen gindi, a matsa da regil daidai hakan kowane yanka. Kaurin faifan kansa yana cin milimetir 2 zuwa 3. Maganin wannan ba ya son kuɗi. A yanko siririn katako daga gefen da masana'anta ta yanke, a manna shi da kol bisa wani mai faɗi, sa'an nan a bi da zarton sau guda ya yanke rarar. Daga ranar, inda bakin katakon ya tsaya nan zarto zai ci. Sai dai wannan zarton kaɗai zai yi wa aiki.

Abin da ya rage daga kuɗin, ina roƙo a sa shi cikin faifai mai haƙora 40 ko fiye, don mai 24 yana yayyage fuskar katako. Fuska mai kyau a kifa ta ƙasa, tun da haƙoran daga ƙasa suke ci zuwa sama.

Iyaye, ga abin da ya fi damuna. Faranti ya kwanta bisa sanduna huɗu, biyu kowane gefen layi. In ya lotsa ya matse faifai, zarton yakan yi tsalle baya, wajen cinyar mai riƙe da shi. Faifan kada ya leƙo ƙasa fiye da milimetir 5, kuma kada a ɗaure murfinsa da waya. Ina neman taron ya zaɓi babba guda da zai riƙe makullin atiliye, kada ɗan lakwal ya taɓa zarton in ba ya nan.