Asalin Daba a Birnin Kano: Daga Fagen Farauta zuwa Fagen Siyasa



Duk wanda ya ji an ce "ɗan daba" a Kano, abin da zai faɗo masa a rai shi ne saurayi mai jajayen idanu, riƙe da gora ko barandami, yana tare lungu. Amma kalmar ta girmi wannan hoto nesa ba kusa ba. A bakin mafarauta, daba ita ce matattarar da suke haɗuwa su yada zango, su huta, su shirya fita, su kuma raba abin da suka samo. Watau da farko sunan wuri ne, daga baya ya koma kan mutanen da ke zama a wurin, a ƙarshe ya zama sunan ɗabi'arsu.

Farautar da ake nufi a nan ba ta maharbi ba ce, wanda ke shiga daji shi kaɗai da kwari da baka. Farautar gayya ce ta lokacin rani, bayan an kawar da amfanin gona. Kowace unguwa da tata runduna, da shugabanta, da karnukanta, da makaɗinta mai gangi. Idan aka tayar da zomo ko gada, aka buge ta, ba lalle wanda ya buga ya tafi da ita ba. Wanda ya fi ƙarfi shi ke ƙwacewa. Saboda haka faɗa ya zama wani ɓangare na farautar kanta, gabar da aka ƙulla a daji kuwa takan biyo mutane har cikin ganuwa. Daga nan ne 'yan tauri suka sami daraja, domin an yi imani cewa wanda ya sha tauri ƙarfe ba ya kama shi, kuma kowace runduna tana son ta sa irinsa a gaba. Duk da haka akwai iyaka. Faɗan na tsakanin waɗanda suka yarda su shiga ne, yana da lokacinsa, kuma mai unguwa da dattawa suna iya tsawatawa a ji.

Abin da ya karya wannan iyaka shi ne siyasar jam'iyyu. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta fito tana sukar mulkin En'e a bainar jama'a, abin da talaka bai saba ji ba. A wancan zamani 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannun En'e, ita kuwa En'e ta karkata ga NPC. A watan Mayu na 1953 aka yi tarzomar Kano, wadda ta biyo bayan taƙaddamar neman mulkin kai a majalisar Ikko, mutane fiye da talatin suka rasa rayukansu. A cikin wannan zafi ne aka sami ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da Jam'iyyar Mahaukata, wadda aikinta shi ne tarwatsa laccar NEPU da dukan magoya bayanta. Sunan kansa abin lura ne, domin mahaukaci ba a kama shi da laifi a shari'a. 'Yan Sawaba su ma ba su naɗe hannu ba, suka tanadi samarin da za su tsare shugabanninsu da wuraren taronsu. Kowane ɓangare da ya tashi neman masu ƙarfi, ina zai nufa in ba wurin mafarauta da 'yan tauri ba? Su ne ke da shugabanci a shirye, da makami, da sabo da jini. A wannan zamani ne kuma Hausa ta ari kalmar "banga" daga Turanci, daga sunan da ake ba rundunar da ke share wa jam'iyya fage.

A nan ne al'amarin ya sauya kama. Da, ladan ɗan farauta nama ne da kirari. Yanzu ya sami uban gida mai ba shi kuɗi, mai kuma zuwa ya karɓo shi idan an kama shi. Saurayin da ya ga ya fasa wa mutum kai da rana, ya kwana a ɗakinsa da dare, ya koyi darasin da ba ya mantuwa, kuma ba zai jira sai lokacin zaɓe kafin ya yi aiki da shi ba.

Sojoji sun soke jam'iyyu a 1966, amma ba su soke rundunonin unguwanni ba. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, PRP da NPN suka tarar da su a inda aka bar su, sai dai birnin ya ƙara cika, aikin yi ya yi wa samari ƙaranci, ƙwaya da wiwi kuma sun fara maye gurbin sassaƙen tauri. Ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, gungun mutane ɗauke da makamai suka ƙone gine-ginen gwamnati, har da gidan rediyon jiha, suka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. A cikin shekarun da suka biyo baya ne mutanen Kano suka fara jin sunan 'yan ɗaukar amarya, masu sace mata da ƙarfin tsiya, waɗanda ba ruwansu da daji, ba ruwansu da jam'iyya.