Matasanmu Masu Sha'awar Ɗaukar Hoto Da Amanar Tarihin Gari

   

Da takardar gayyata ta iso mana, aka ce mu yi magana a kan 'ya'yanmu masu sha'awar ɗaukar hoto, sai da muka yi jim. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu tsakanin alli da allo, ina mu ina kyamara? Amma a daren jiya mun zauna da yaran nan a zaure, muka ga yadda suke miƙa wa juna hotuna, wannan ya yaba, wancan ya kushe, har gardama ta kai su tsakar dare. Babu ko ɗaya a cikinsu da hoto ne sana'arsa. Akwai ma'aikacin banki, akwai malamar asibiti, akwai mai sayar da kayan gyaran mota. Sha'awa ce kawai ta haɗa su, kuma ita ce ta sa muka karɓi wannan gayyata.

Bari mu fara da wata hasara da ta same mu. Shekarun baya, da ana shirin bikin tunawa da kafa makarantar firamaren garin nan, kwamiti ya ɗora mana nauyin nemo hoton hedimasta na farko. Muka bi gida gida. Iyalinsa suka ce akwai guda ɗaya, amma wani ya ara bai mayar ba. Muka koma ga namu albam, wanda muka adana a akwatin ƙarfe tun muna kwalejin horon malamai, sai muka tarar ruwan damina ya shiga, hotunan sun manne da juna, gara ta ƙarasa saura. Ranar bikin, sunan wannan bawan Allah kawai aka rubuta a kwali aka rataya. Mutumin da ya koya wa rabin dattawan da ke zaune a nan karatu, yau babu jikansa da zai iya cewa ga kamanninsa.

Ilimin hoto ya girmi kyamara. Kimanin shekara 1000 da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske ke bi ta ƙaramar huda ya shiga ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Kowace kyamara irin wannan ɗaki ce, an dai ƙanƙanta ta. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre a Faransa, ta kama surar a jikin faranti. Amma wanda ya buɗe wa ɗan sha'awa ƙofa shi ne George Eastman na Amurka, wanda a 1888 ya fito da kyamarar Kodak ɗauke da fim mai cin hoto 100. In ya ƙare sai a aika wa kamfani ya wanke. Abin mamaki, injiniyan wannan kamfani ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamara marar fim a 1975, kuma irin wannan fasaha ce ta karya kasuwar fim har kamfanin ya bayyana karayar arziki a 2012.

Yanzu ga abin da muka tsinta a zauren jiya, muka kuma haɗa da ɗan abin da muka sani tun zamanin Yashica. Abubuwa uku ke mulkin hoto. Na farko ƙofar haske, wadda ke buɗewa ta tsuke kamar ƙwayar ido. Lissafinta a juye yake: lamba 2.8 ƙofa ce mai faɗi, lamba 16 kuwa 'yar ƙarama. In an buɗe ta sosai, fuskar mutum za ta fito tar, abin da ke bayansa ya dushe. In an tsuke ta, na kusa da na nesa duk su fito. Na biyu saurin ƙiftawa. Mai son kama doki a guje ranar hawan salla, sai ya sa kyamara ta ƙifta cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙura da inuwa kawai zai kai gida. Na uku shi ne ISO, wato yadda kyamara ke jin haske: 100 ya isa da rana, amma a zaure da dare sai an ɗaga zuwa 1600 ko fiye, hoton kuma ya fito da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Duk wanda ka taɓa cikin ukun nan, sai ka rama da ɗaya daga cikin sauran.

Wani yaro ya kawo kukan da ya daɗe yana damun masu hoto a ƙasar nan. Ya ɗauki kawunsa cikin farar babbar riga da tsakar rana, rigar ta fito kyakkyawa, fuskar kuwa ta zama baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Dalili shi ne kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya. Da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta biya bashin. Abokansa suka ba shi magani: ya auna hasken daga fuska, a waya ma taɓa fuskar kawai zai yi a jikin gilashi; ko ya janye dattijon zuwa inuwar darbejiya; ko ya kunna filasha ko da rana ce, don ta kashe inuwar da hula ke jefawa a kan ido. Mafi sauƙi duka, ya jira la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi laushi. Mu kuma muka ƙara musu da abin da hunturu ya koya mana: kada a goge gilashin kyamara da bakin riga, domin ƙurar nan yashi ce, tana karce shi. A fara hure ta tukuna, kuma kada a sauya gilashi a fili iska tana kaɗawa.

A kan gardamar Canon da Nikon, da ta masu cewa waya ta wadatar, ba za mu daɗe ba. Ra'ayinmu shi ne an cika ba wa kayan aiki girman da ba nasu ba. Marigayi J.D. Okhai Ojeikere ya fara da 'yar kyamarar Brownie a 1950. Daga 1968 ya duƙufa kan ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna kusan 1000, kuma kafin rasuwarsa a 2014 an baje su a manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da kowa ke wucewa bai kula ba shi ya tsaya ya duba. A zamaninmu fim ɗaya hoto 36 yake ci, kowane kuma kuɗi ne, don haka mutum yakan yi tunani kafin ya latsa. Yau yaro zai ɗauki 300 a biki ɗaya, ka nemi guda na kirki ka rasa.

Ga inda damuwarmu take. Mun duba hotunan yaran nan, mun ga gadojin Abuja, mun ga faɗuwar rana a bakin teku a Legas. Madalla. Amma da muka tambaya wa ke da hoton maƙerar bakin kasuwa, ko marinar da ta rage, ko ragowar ganuwa, ko tsohuwar da ke saƙar faifai a unguwarsu, sai zaure ya yi tsit. Abuja tana da masu ɗaukar ta. Garin nan kuwa, in ba ku ba, wa zai yi? Kuma hoton da ke cikin waya kaɗai, a bakin rijiya yake zaune: waya takan faɗi, akan sace ta, memori yakan lalace. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi ake yi, ingancinsa ya ragu. In ana son ya isa yadda yake, sai a tura shi a matsayin fayil. Sa'an nan hoton da ba a rubuta sunan mai shi da wuri da shekara ba, bayan shekara 40 baƙo ne ko a gidansu.

Akwai kuma ladabi, wanda tsohon malami ba zai iya tsallakewa ba. Kada a ɗauki matar mutum ko 'yarsa ba da izini ba. Kada a tsaya ɗaukar wanda hatsari ya rutsa da shi alhali hannu yake bukata. Mun ga iyalin da a waya suka fara ganin gawar ɗansu kafin a zo musu da labari, kuma ba ma fatan a ce ɗan garin nan ne ya yi irin wannan.

Saboda haka, ya Shugaba, muna gabatar da roƙo ga wannan ƙungiya. A kafa ƙaramin kwamiti daga cikin matasan nan, a saya musu na'urar kwafe tsofaffin hotuna, su bi gidaje a hutun salla, su kwafa a gaban mai hoto su mayar masa nan take, don kada a maimaita abin da ya sami iyalin hedimasta. Duk dattijon da ya haura shekara 70, a nemi izininsa a ɗauke shi a bana, a rubuta sunansa da sana'arsa da unguwarsa. A wanke zaɓaɓɓu a takarda, a ajiye kwafi ɗaya a fadar Hakimi, ɗaya a makaranta, a kuma ware shafi biyu a wannan mujalla kowace shekara. Ku da ke birni, in kun koma ku buɗe akwatunanku. Muna kyautata zaton hoton nan da aka ara yana hannun ɗayanku, kuma in ya dawo ba za mu tambayi inda ya kwana ba.