Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki



'Ya'yana, zan yi muku maganar Gehazi, wanda kuka karanta labarinsa a littafin Sarakuna na biyu, sura 5. Baran annabi Elisha ne, yana cikin aikin Allah kamar ku. Da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya warke daga kuturta, ya miƙa kyauta, Elisha ya ƙi karɓa. Sai Gehazi ya bi shi a guje. Ku lura da ƙaryar da ya yi: wai samari biyu daga ƙungiyar annabawa sun sauka daga ƙasar tuddai ta Ifraimu, suna cikin bukata. Da sunan ɗalibai irinku ya yi roƙon. Talanti 1 na azurfa ya nema, aka ba shi 2, ya ɓoye a gida, kuturtar Na'aman kuma ta koma kansa.

Abin da ke sa ni kuka da wannan labari shi ne, a sura 4 kawai, a hidimar maigidansa, dunƙulen gurasa 20 suka ciyar da mutum 100 har da saura. Gehazi bai rasa shaida ba. Zuciyarsa ce ba ta yarda Allah zai tuna da shi ba.

Za a tura waɗansunku ƙauyukan da albashi zai yi wata 3 bai zo ba. Ga kuɗin makarantar yara, ga uwargida ba lafiya, ga kuɗin baiko a hannunka, ba mai gani. Lokacin zaɓe kuma wani zai aiko da ambulan, ya ce gudummawar gini ce. Ni ma na taɓa kwana da irin wannan ambulan a ɗakina, ban runtsa ba sai da na mayar da ita da asuba. A ranar ban san abin da za mu ci ba. Kafin la'asar wata gwauruwa ta kawo mana kwanon masara.

In irin wannan dare ya zo muku, ku durƙusa ku faɗa wa Allah bukatar da sunanta, sannan ku nemi dattijo guda ku gaya masa kafin gari ya waye.

Yanzu ina roƙon iyayenmu fastoci su matso gaba, mu ɗora wa 'ya'yan nan hannu.