SITACIN CIKIN ABINCIN KANTI: HALAL NE KO HARAM?

Wannan shi ne jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa a Gatawa, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. Dalilin jawabin kuwa, wasu mutane sun daina sayen taliyar leda da yogot, wai akwai wani sitaci na haram a ciki. Masu tireda sun fara kuka da rashin ciniki.

Malamin ya ce sitaci ba baƙon abu ba ne. Gasarar da mata ke tacewa daga gero don dama koko, yawancinta sitaci ne. Kamfanoni kuma suna samo nasu daga masara, rogo, alkama ko dankalin Turawa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya.

Ya ce kamfani yakan gyara sitacin da zafi ko da wasu sinadarai, domin ya ƙara wa abinci kauri, kuma kada ya tsinke in ya daɗe a ajiye. A jikin leda akan ba shi lamba mai farawa da E14, kamar E1422 ko E1442. Kayan da ke shigowa ta Maraɗi kuwa, da Faransanci ake rubuta amidon, wato sitaci.

Game da hukunci, ya ce malaman fiƙihu sun nuna asalin abinci halal ne, sai abin da shari'a ta hana. Suratul Ma'ida ta hana mushe, jini, naman alade da giya. Sitaci kuwa daga tsiro yake. Saboda haka shi kansa halal ne.

Amma ya ja kunnen ɗalibai cewa su duba sauran kayan haɗin. Akwai jelatin da ake sa wa wasu alawoyi, wanda ake yi da fata ko ƙashin saniya ko na alade. Nan ne wurin bincike.

Daga ƙarshe ya ba da shawara uku. A duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. A duba ranar lalacewar kaya. In shakka ta zo, a kai ledar wurin malami da ma'aikacin lafiya, kada a yaɗa ji-ta-ji-ta.

Ya ce wannan na daga amfanin koyon karatu: mutum ya karanta abin da zai ci da kansa.