Yinin Da Ake Cewa Ba A Yi Komai Ba

Laccar da aka gabatar a Ƙetare, a gaban malaman makarantu da dattawan ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

  Tun da mafi yawanku kuna son ku kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi, saboda rashin tsaron hanya, zan shiga mas'alar kai tsaye.

Duk sa'ad da na roƙi malamin makaranta, ko ɗalibi, ko manomi, ya sayi littafin rubutu ya riƙa ajiye abin da ya wakana a yininsa, jawabin da nake samu ɗaya ne: "Malam, to me zan rubuta? Jiya kamar yau, yau kamar gobe. Daga masallaci sai gona, daga gona sai gida." Da'awar da na zo da ita, wadda na daɗe ina jayayya a kanta da abokaina masana tarihi da kuma masu tsara manhajar makarantu, ita ce wannan yinin da ake renawa shi ne mafi cancantar tawada, domin babban al'amari yana da masu ɗaukar nauyinsa, mawaƙa da maroƙa da gidajen rediyo da ofisoshin gwamnati, alhali ƙaramin al'amari ba shi da wani shaida sai wanda ya gan shi da idonsa, in ya mutu kuwa an binne su tare.

Abokan nawa sun mai da tarihi jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, har ya zama yaro yana iya lissafa sarakunan Katsina daga Korau zuwa Dikko, amma bai san da me kakarsa take tuƙa tuwo ba. Wanda duk ya je gidan adana takardun tarihi na Kaduna yana neman labarin wannan yanki, abin da zai tarar galibi rahotannin Di'o ne, waɗanda aka rubuta don a san yawan masu biyan haraji da jangali. Ba a rubuta su don a san mu ba. Marigayi Yusufu Bala Usman, da ya tashi rubuta tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, sai da ya bi garuruwa yana zama gaban tsofaffi yana ɗauka daga bakinsu, kuma da ya makara da shekara goma da ya tarar da yawansu a makabarta.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce tiya, watau kwanon awo, kuma ina roƙon haƙurinku in daɗe a kanta. Kakanninmu sun raɗa wa yunwa suna don kada a manta da ita: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta 1942, sannan ga farin 1973 da na 1984 waɗanda da yawa a wannan ɗaki suka gani. Suna ya wanzu, amma hisabi ya ɓace. Ku tambayi dattijon da ya fi kowa riƙo nawa aka sayar da tiyar dawa a kasuwar Ƙanƙara a kakar 1972, da nawa ta kai a tsakiyar daminar 1974, za ku ji ya ce ta yi tsada ƙwarai, iyakar ilminmu ke nan. Alhali da a ce mutum ɗaya tak a Ƙetare ya lazimci rubuta farashin tiya kowace ranar kasuwa tun daga shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule, watau 1973, har zuwa yau, da muna riƙe da abin da babu wata jami'a ko ma'aikata da take da irinsa game da ƙasarmu. Da mun san a wane wata ne hatsi ya saba juyawa, da mun san shekara nawa ke tsakanin tsada da tsada, da kuma mun iya gane alamun yunwa tun tana nesa, kafin ta kai ga mutane su sayar da shanun huɗa da ƙauren ɗaki.

Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta yi wannan aikin da muke renawa: ta bi gona gona, rumbu rumbu, tana tambayar wa ya sayar, yaushe, a nawa. Littafinta ya fito a 1972, kuma daga cikin abin da ta bayyana akwai yadda hawa da saukar farashi tsakanin kaka da damina ke raba mai hali da marar hali, ɗaya yana sayarwa da araha don larura ta matsa masa, ɗaya yana rufe rumbunsa sai hatsi ya yi daraja. Babu manomin da bai san haka a jikinsa ba. Abin da ta fi mu da shi kawai ta sa lamba a takarda, shi ya sa har gobe ita ake karantawa a jami'o'in duniya in ana zancen ƙauyen Hausa, mu kuwa da muka sha wahalar ba mu da ko shafi ɗaya da za mu gyara mata ko mu ƙara mata.

Ku dubi kuma yadda canji mafi girma yake shigowa a sace. Tsakanin 1975 da 1980 Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara a wannan yanki, har masara, wadda dā ake shuka ta a bayan gida don gashi, ta kori dawa daga tukunyar gidaje masu yawa. Wannan juyi ya taɓa cikin kowa fiye da naɗin kowane sarki, amma wa zai gaya mani shekarar da gidansu ya koma tuwon masara? Tsutsar nan mai cin zuciyar masara an fara ba da labarinta a Nijeriya a 2016. A wace damina ta iso Faskari, a gonar wa aka fara ganinta? Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce an cire tallafin mai, wannan yana cikin kowace jarida; amma nawa ɗan acaɓa yake karɓa daga Ƙetare zuwa Ƙanƙara kafin ranar, nawa ya koma karɓa bayan mako guda, nawa buhun taki ya kai a lokacin shuka, wannan yana wurinku kaɗai, kuma kullum yana zubewa.

Masu cewa rubuta abin da ya wakana a yini al'adar Nasara ce ba su karanta magabatanmu ba. Wani malamin Hambaliyya na Bagadaza, Ibnul Banna, ya bar kundin kwanakinsa na shekarar 1068 zuwa 1069 da rubutun hannunsa, yana nan har yau. A Dimashƙa an yi Ibnu Ɗauƙ, mai rubuta takardun shaida, wanda ya fara a 1480 ya yi kusan shekara ashirin yana rubuta ruwan sama da farashi da harkokin gidansa. Bayansa kuma aka yi Budairi, wanzami, wanda tsakanin 1741 da 1762 ya riƙa ajiye kuɗin burodi da nama da abin da yake ji a bakin masu zuwa aski, kuma malaman tarihin Sham ba su iya rubuta wannan zamani ba tare da wanzamin nan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Malamanmu na zaure ma ai sun san abin: ku buɗe tsohuwar Risala ko Iziyya a gidan malami, sau da yawa za ku ga a bangon baya an rubuta da jar tawada ranar haihuwar wane, da ranar rasuwar wance, da shekarar da fara ta sauka. Mun gaji al'adar, mu ne muka sake ta, har ya zama yau dattijo mai furfura yana zuwa kotu yana rantsuwa a kan shekarun da shi kansa bai tabbatar ba, don a ba shi takardar haihuwa.

Yanzu in zo ga abin da ke zukatanmu. Daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, aka kwashi yaran makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ranar 17 ga wata aka sako 344, duniya duka ta rubuta. Amma duniya ba ta rubuta gonar da ta yi damina uku ba a sa mata garma ba, ko daren da mata suka kwana cikin dawa da goyo, ko ƙauyen da ya tashi a hankali, gida ɗaya yau, gida biyu gobe, har ladan ya rasa wanda zai kira. Wannan yinin da muke cewa ba a yi komai ba, na fita gona da sassafe a dawo da almuru lafiya, shi ne ni'imar da mutanen Sabuwa da Faskari suke roƙon Allah Ya mayar masu, kuma akwai yara a cikinmu da ba su taɓa ganin kamarsa ba. In ba mu rubuta masu yadda ake zuwa kasuwar Sheme da dare ba fargaba ba, da yadda Bafulatani da Bahaushe suke ba juna amanar shanu, za su girma suna zaton haka duniya take tun fil azal. Ranar da za a zauna lissafin asara kuma, ko a gaban hukuma ko a gaban tarihi, wanda ya zo da kwanan wata da suna shi za a saurara.

Abin da za a rubuta ba shi da wuya, layi uku ko huɗu bayan sallar isha'i sun wadatar. A sa rana da kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya. A ce an yi ruwa ko ba a yi ba, in an yi ya kai na shuka ko yayyafi ne. A ce yau an gama noman firi a gona kaza, an biya 'yan ƙodago kaza. Tiyar masara kaza, ta wake kaza, litar mai kaza. Wane ya ranci kaza a gaban wane. An ba da gona jingina, iyakarta daga tsamiya zuwa kwari. An haifi wance, an raɗa mata suna kaza. Malamin makaranta ya ƙara da yawan yaran da suka zo aji da dalilin waɗanda ba su zo ba. Ranar da ta zo fayau, a juya ga tsohuwar gida a tambaye ta abu ɗaya, yadda ake kaɗi ko yadda aka yi aurenta, a rubuta da lafazinta. Ai Baba mutuniyar Karo hira kawai ta yi da Mary Smith a Giwa, nan maƙwabtanmu, a 1949 zuwa 1950, littafin da ya fito a 1954 ya zama madogara kan rayuwar matan Hausa. Wanda yake son ya ƙara da muhasabar ransa, abin da ya aikata na alheri da wanda yake neman gafara a kansa, wannan tafarkin salihai ne, sai dai ya ware masa wani littafin dabam. Al'amarin kamar adashi yake, zubin yau ba ya cika ido, sai ranar kwasa.

Ana kawo mani uzurori, ba zan ɓata maku lokaci a kansu ba. Wai mutanenmu ba su iya boko ba: su rubuta da ajami, wanda Alhaji Umaru na Salga ya rubuta sana'o'i da al'adun Hausa da shi tun kafin rasuwarsa a 1934. Wai waya ta wadatar: a watan Satumba na 2021 an yanke layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu uku, tsawon watanni, ban da wayar da ake ƙwacewa da wadda take faɗawa ruwa. Wai tonon asiri ne, ko littafin zai faɗa hannun mugu: wannan kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, maganinsa kuwa kada a rubuta sunan wanda ake zargi ko inda aka ajiye dukiya, a kuma adana littafin inda ake adana takardun gona. Hamman Yaji, Hakimin Madagali, ya sa an rubuta masa kwanakinsa daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren kamen bayi da ya yi, kuma wannan kundi ne ya zama shaidar waɗanda ya zalunta. Rubutu ba ya cutar da mai gaskiya.

Shawarata ga sakatarorin ilmi ita ce wadda na sha maimaitawa: a daina sa yaro rubuta insha'i kan tafiyar jirgin da bai taɓa shiga ba, a ba kowane ɗan aji huɗu zuwa sama littafi guda ya riƙa kawo farashin kasuwar garinsu da ranakun ruwa, malamin lissafi ya zana masu jadawalinsa a ƙarshen zango. Kowace makaranta ta farfaɗo da littafin tarihin makaranta da hedimastocin dā suke cikawa da hannunsu. Ga iyayen ƙasa kuma, ina roƙon kowane dagaci ya naɗa mutum ɗaya amintacce mai riƙe kundin gari, limamai su riƙa ba shi sunayen haihuwa da aure da rasuwa kowace Juma'a, a ƙarshen shekara a kai kwafi fadar hakimi, wani kwafin kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ta zo ta karɓa, maimakon ta jira sai baƙo ya zo ya tambaya. Wannan ba ya bukatar kwangila ko kwamiti.

Ku kuwa malamai 'yan'uwana, kada ku jira takardar umarni daga ofis. Wanda yake da ragowar littafin rubutu a jakarsa ya fara da daren yau, ya sa kwanan wata, ya rubuta nawa ya biya kuɗin mota zuwa Ƙetare da nawa ya tarar da tiyar masara. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu.