MADUBIN DUBA FATA: JAWABI GA MANOMA DA MAKIYAYA



Jawabin yau a kan wani madubi ne da likitocin fata ke aiki da shi. Sunansa damatoskof. Girmansa kamar tocila. Akwai fitila a cikinsa. Yana ƙara girman abu sau 10. A ƙasar Jamus aka fito da irin na riƙewa a hannu, a shekarar 1989.

YADDA YAKE AIKI

Likita yana ɗora madubin bisa tabo. Haske ya ratsa fatar sama. Sai launi da ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, waɗanda ido bai iya gani. Ba yanka, ba allura, ba zafi. Ko ƙwaron ƙazuwa ana ganinsa a ƙarshen raminsa.

Ana haɗa madubin da wayar salula a ɗauki hoto. Hoton ya tafi wajen babban likita a birni, maras lafiya yana garinsu.

KUNYA DA KWARI

Kowa ya dubi tafin ƙafarsa. Zanen fatar ya yi kama da gonar da aka yi wa huɗa: ga kunya, ga kwari. Likitocin Japan sun gano abu mai amfani. In baƙin tabo ya kwanta cikin kwari, yawanci tawadar Allah ce kawai. In ya hau bisa kunya, ana tsoron sankarar fata. Ga baƙar fata, wannan sankara ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin akaifa.

WA YA KAMATA YA JE?

Mai baƙin tabon da ke faɗi ko sake launi. Mai gyambon da ya ƙi warkewa. Zabiya kuma, domin rana tana ƙona fatarsa ƙwarai. Shi ya riƙa zuwa dubawa a kai a kai, ya sa malfa da riga mai dogon hannu.

GARGAƊI

Madubin ba magani ba ne. In likita ya yi shakka, yakan ɗebi ɗan nama a auna. Awon ne ke tabbatar da ciwo.

Kada a kai irin wannan tabo ga wanzami. Tsaga da lalas ba su kashe sankara, sai ɓata lokaci. Tabon da aka cire da wuri, ƙaramin aiki ne. Wanda aka bari, yana iya cin ƙafa, har ya ci rai. Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba. Allah ya ƙara lafiya.