Wa Ya Yi Ciniki, Wa Ya Biya?

(Jawabi ga Kiristocin Madawa, Buza da Keita a makon tunawa da mutuwar Almasihu)



A cikin Littafi Mai Tsarki akwai surorin da mai wa'azi yakan tsallake da gangan. Tun 1932 da Littafin ya fito cikakke da Hausa, Mahukunta sura 11 tana nan, amma ba kasafai ake buɗe ta ranar Lahadi ba. Labarin Ibrahim kuwa kowa ya san shi. Kirista na cewa Ishaku ne aka kai dutse, maƙwabcinsa Musulmi na cewa Isma'ila ne, amma duka sun yarda cewa rago ya zo, yaro ya koma gida. A labarin Yefta ba rago.

Yefta mutumin Gileyad ne, ɗan karuwa, wanda 'yan ubansa suka kora don kada ya ci gado. Da Ammonawa suka matsa wa ƙasar, dattawan da suka yi shiru ranar korarsa su ne suka je biko, suka ba shi shugabanci. Kafin ya fita yaƙi sai ya yi wa Allah wa'adi: in ya ci nasara, duk abin da ya fara fitowa daga ƙofar gidansa don taryarsa zai miƙa shi hadaya ta ƙonawa. Ya ci nasara. Wadda ta fito da kiɗa da rawa ita ce 'yarsa tilo. Ta roƙi wata 2 ta yi kuka a duwatsu tare da ƙawayenta, ta dawo, uban ya cika wa'adinsa. Wasu masana sun ce ba kashe ta aka yi ba, keɓe ta aka yi ba aure har mutuwa. Wannan fassara tana sanyaya zuciya, amma kalmar hadaya ta ƙonawa tana nan a rubuce, ba ta goguwa.

Abin lura shi ne Allah bai nemi wannan wa'adi ba. Shari'ar Musa ta haramta ƙona 'ya'ya, har ma Littafin Firistoci sura 27 ya yanka kuɗin fansar mutumin da aka yi wa'adi da shi: yarinya mai shekara 5 zuwa 20, shekel 10 na azurfa. Duk ɗan kasuwa zai gane asarar da aka tafka nan. Yefta ya shiga ciniki da Wanda ba ya sayar da taimakonsa, ya taya da abin da ba nasa ba, sannan da ya ga 'yarsa ya yage tufafinsa yana ɗora mata laifin baƙin cikinsa.

Mutanen Ader ba baƙin wannan hali ba ne. A watan Janairu 1994 shugabanni suka zauna a Dakar aka kashe darajar sefa da rabi. Masu sa hannu suka hau jirgi suka koma, mai biya kuwa shi ne ma'aikacin da ke bin bashin albashi da mai neman magani a kanti. Ko a aikin alheri haka ne. Da aka soma aikin raya ƙasar Keita a 1984 da kuɗin Italiya, bayan fari ya kori maza ci-rani, galibi mata ne suka ɗauki duwatsu a ka don tare ruwa. Ƙasa ta farfaɗo, amma sunayensu ba sa cikin jawabai, kamar yadda Littafin bai faɗi sunan 'yar Yefta ba.

To, mai hankali zai yi tambaya, kuma yana da gaskiyar yin ta: shin gicciye ba wani Yefta ba ne, uba ya ba da ɗansa? A Getsamani Yesu ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala har sau 3, kuma a Golgota ba ragon da ya maƙale a kurmi. Amsar bangaskiyar Kirista ita ce, a nan mai alkawari da mai biya ɗaya ne. Yesu ba yarinya ba ce da ta fito rawa ba ta san an taya ta ba. Ya san abin da ke jiransa a Urushalima, ya sha faɗa wa almajiransa, ya tafi da ƙafarsa. Kuma tun da Kirista ya gaskata Uba da Ɗa ɗaya ne, to Allah bai aika wa wani da takardar bashi ba, daga jikinsa ya biya. Shi ya sa ake cewa ceto kyauta ne, amma ba a cewa mai arha ne.

Wannan amsa ba ta share dukan damuwa ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta sa sunan Yefta cikin jerin masu bangaskiya, alhali ba ta ambaci yarinyar ba, kuma mai karatu na gaskiya zai ji wannan a ransa. Waɗanda suka riƙe ta su ne matan Isra'ila, da suka mai da shi al'ada su fita kwana 4 kowace shekara don tunawa da ita. Ya kamata ikilisiyoyin Madawa, Buza da Keita su karanta surar nan a makon nan tare da labarin gicciye, kuma a ba zumuntar mata karatun.